Jif Mai Ƙamshin Ƙosai

Lafia,
14 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga Uwata Sakinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikana, abokina Salmanu. Yaya zafin Sakkwato, yaya 'yan makarantarki? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta shiga yajin aiki. Innarku tana gaishe ki, ta ce in rubuta cewa ta rame saboda kewarki. Na rubuta, amma ni da nake ganinta kullum ban gano inda ramar ta kama ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san a aji huɗu muka raba gari da boko, shi ya yi gabas, ni na haye bayan lori. In kin ga kuskure kada ki sa jan biro, ni ba ɗalibinki ba ne.

To, maganar jif ɗin da mai gidanki ya bar mini ajiya kafin ya tafi karatunsa Indiya. Tana nan ta cinye rabin tsakar gida, Innarku har ta fara shanya barkono a kanta, na hana. Ranar da ya kawo ta ya durƙusa yana kallon ƙasa, ni ma ina kallon ƙasa, kamar mun yar da allura. Abin da na iya ji daga bakinsa shi ne a riƙa tayar da ita. Sauran bayanin kawunsa Babandi ne ya yi, kuma kin san Babandi, in ya fara magana sai ka ɗauka shi ya ƙera motar.

Ina tayar da ita kowace Juma'a da safe. In murɗa makulli, in jira fitilar hita ta mutu, sannan in buga. Tana tashi da tari kamar ni, ta yi ta gunaguni, sannan muryarta ta daidaita. Kan batir ya yi farin gari, na wanke shi da ruwan zafi da kanwa. Ɓera ya ci wayar fitilar hagu, na ɗaure. Zanzaro ya gina gida a bakin salansa, na ba shi takardar sallama. Baƙin mai kuwa da kaina na juye. Na shimfiɗa buhu na kwanta a ƙarƙashinta da sifana, na manta cewa mai hankali yana kawar da fuskarsa kafin noti ya fita. Furfurar gemuna ta koma baƙa wuluk. Innarku ta ce da ta san haka abin yake da tuni ta aika ni ƙarƙashin mota.

Matsalar ita ce gas. Motar nan ba ta shan fetur, kuma gas ya ɓace a garin nan. Layin gidan mai ya kai har kwanar Bukan Sidi, direbobi sun kafa murhu suna dafa shayi a gefen motocinsu. Na 'yan bumburutu akwai, amma rabinsa ruwa ne da kananzir. Galan ɗaya na saya, na juye a bokiti na bar shi ya kwanta, ruwan ya koma ƙasa, na tace na saman da tsohon ɗankwalin Innarku. Ba ta sani ba tukuna, kada ki faɗa.

Ga roƙona, ki isar masa in kin rubuta. Mota ba tukunya ba ce da za a kife. In ta daɗe a tsaye taya tana yin gefe, birki yana kamawa. Ya yarda in riƙa zagayawa da ita, ko zuwa Tudun Gwandara ne in dawo. Ba don mutane su gan ni a jif ba. To, har da wannan, kaɗan.

Mama Mwuese, matar maƙwabcinmu Iortyer, wadda ta goye ki lokacin da Innarku ta yi doguwar jinya, ba ta jin daɗi. Ƙafafunta sun kumbura, tana asibiti. Ta tambaye ki. Ki sa ta a addu'a.

Ki gaya wa Salmanu matata tana nan, in ya isa ya zo ya ƙwace.

Naki mahaifi,
Sha'aibu.

*

Sakkwato,
20 ga Yuni, 1998.

Baba,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso a hannun direban motar albasa, ta sha ƙamshi. Muna lafiya ni da Salmanu. Ya ce in gaya maka ya bar maka tsohuwar, shi sabuwa zai nema. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A gaishe da Inna, a ce mata na ga saƙon ramar.

Baba, na karanta maganar gemu a ɗakin malamai na kasa riƙe dariya. Amma don Allah ka daina shiga ƙarƙashin motar nan kai kaɗai.

Game da zagayawa da ita, ban rubuta wa Baban Salmanu ba, domin na san amsar, kuma ba na so ya ji nauyin ce maka a'a. Motar mahaifinsa ce, marigayi. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ya bar wani ya riƙe sitiyarinta ba. Buhun shinkafa na taɓa cewa a sa a baya, ya ɗauko mai kura ya biya. Ba ya maganar dalili, ni kuma ban matsa ba. Da ya ce a gidanka zai bar ta, ba a gidan Kawu Babandi ba, Kawu ya yi fushi sosai. Ka ga ke nan idonsa yana kanka.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Kada ta fita daga gida. Kuma kada a zuba mata komai sai gas na gidan mai. In babu, a bar ta haka nan, taya ta yi gefe, za a sayi wata. Abin da ba na so shi ne wani abu ya shiga tsakaninka da shi.

Labarin Mama Mwuese ya tayar mini da hankali. Ga atamfa na ba direban ya kawo mata. Ka ce mata Doofan ɗinta tana gaishe ta, har yanzu ban manta sunan da ta sa mini ba. In an yi hutu zan zo.

'Yarka,
Sakinatu.

*

Sakkwato,
19 ga Agusta, 1998.

Baba,

Ina fatan wannan takarda za ta same ka, kai da kanka, ka karanta da idonka.

Kawu Babandi ya bugo waya ofishin makarantarmu. Ba na kusa, sai saƙo ya bari. Ya ce an ga motar a hanyar Obi an soka mata ganye gaba da baya irin na motar gawa, kuma an hango Inna a ciki tana kuka. Na samu na kira shi daga baya, ya ce ya je gidan ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Na ce wa ya rasu? Ya ce shi bai tsaya tambaya ba, abin da ya sani an mayar da motar ɗan'uwansa motar haya, kuma ya riga ya rubuta wa Baban Salmanu.

Na je tasha da jakata ina jan Salmanu, babu motar da ke tashi, babu mai. Wani mai tirela ne da zai bi ta Akwanga ya karɓi wannan takardar.

Baba, wa ke tuƙin? In kai ne, to wa aka ɗauka? In ba kai ba ne, wanda ya buɗe wannan wasiƙar ya ji tsoron Allah ya aiko mini da gaskiya. Ba na iya cin abinci. Motar ba ta dame ni ba yanzu.

Sakinatu.

*

Lafia,
27 ga Agusta, 1998.

Uwata,

Assalamu alaikum. Ni ne, da hannuna, ga mummunan rubutuna shaida. Ina raye, Innarku tana raye, yanzu haka tana yi mini faɗa. Ki ci abinci kafin ki ci gaba da karantawa.

Mama Mwuese ce Allah ya yi wa rasuwa. Atamfarki ta same ta, ta sa an yafa mata a gadon asibiti tana nuna wa masu jinya. Ki yi haƙuri, Uwata. Na so in zo miki da labarin a hankali, Babandi ya riga ni da gudu.

Ga yadda aka yi. Da safe Iortyer ya shigo gidan nan ba sallama, ya zauna a kan turmi. Ya ce da irin Hausarsa, "Sha'aibu, matana ya tafi." Na zauna kusa da shi. Can ya ce, "Ya roƙe ni in kai shi ƙauye, kusa da yaronmu na fari. Na ce masa to." Kin san ƙauyensu yana can bayan Obi, kuma a watan nan hanyar ba hanya ba ce, kunu ce. Ɗakin ajiyar gawa babu wuta, sun ce a ɗauke ta a ranar. Ya zaga tasha duka. Mai mota ba shi da mai, mai mai kuma ya ce ba zai kai motarsa cikin taɓon nan ba. Bai roƙe ni komai ba. Ko kallon jif ɗin bai yi ba, ya juya mata baya, kuma wannan ne ya fi damuna.

Wasiƙarki tana aljihuna, na san abin da kika ce. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga na fito. Sannan na tsoma kara a tanki, gas bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Lokacin da nake yaron mota, mun taɓa maƙalewa a dajin Shendam da lodin man gyaɗa. Maigidana ya fasa garwa ya sirka da kananzir ya zuba wa lorin, muka fita. Tsohon injin gas ba shi da tsirfa, in abu yana da maiƙo kuma bai yi kauri ba zai haɗiye. Na nufi madafa ina shirya yadda zan roƙi Innarku man suyar ƙosanta, ina karanto duk addu'ar da na sani. Na tarar ta riga ta jawo jarkar zuwa bakin ƙofa. Ta ce, "In za ka yi haukarka ka yi ta da sauri, rana tana yi."

Kananzir ma wahala yake, sai matan unguwa suka riƙa juyo na fitilunsu da na risho, wannan kwalba, wannan gwangwani. Na haɗa kashi biyu na mai, kashi ɗaya na kananzir, na ajiye a rana ya saki jiki, na tace da ɗankwalin nan. A nan ne Innarku ta gane inda ya shiga. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce za mu yi maganar daga baya. Ita ce maganar da ake yi yanzu.

Akwatin gawar ba zai shiga ba sai an cire kujerar baya. Na ɗauko sifana ina shirin kokawa da tsatsa, sai na ga notinan masu kunne ne, da hannu suka kwance. A ƙarƙashin shimfiɗar kuma ga zobban ƙarfe a kowane gefe, daidai wurin ɗaure igiya. Na yi mamaki, amma ba lokacin mamaki ba ne.

Na tayar da ita da ɗan gas ɗin da ya rage, da ta yi zafi na zuba haɗin. Uwata, motar nan ta tafi kamar ba a yi komai ba. Sai dai hayaƙin. Tun daga asibiti har Obi ƙamshin ƙosai ne ke bin mu. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo yana cewa, "Baba, ina namu?" Da ya ga ganye da akwati ya cire hularsa ya ɗaga mana ƙarfe. Iortyer da ke gefena sai da ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Mwuese yana son ƙosai. Ka ga har yau ya samu."

Bayan Obi na sauka na kulle ƙafafun gaba don duka huɗun su ja, na sa ƙaramar giya. Ta yi ta rarrafe cikin taɓo tana wutsil-wutsil da gindi. A rafi ruwa ya kai ƙofa, Innarku tana salati a baya, 'yar'uwar Mwuese tana kiran Yesu, ni kuma ina roƙon duk wanda aka fara amsa wa ya haɗa da ni. Muka haye. An binne ta kafin rana ta faɗi, a gefen ɗanta, ƙarƙashin wani mangwaro.

Washegari da sanyin safiya motar ta ce ba ta san zance ba. Man ya yi kauri, filta ta toshe. Shi ya sa muka daɗe a can har Babandi ya ga kwaɗo. Na kwance filtar na wanke da kananzir, na kwarara ruwan zafi a kan famfon mai da bututansa, na sassauta noti ina danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito sumul. Na zuƙi bututu da baki, na haɗiyi rabona. Duk da haka ba ta tashi a ranar ba, ba ta tashi washegari ba. Mutanen ƙauyen suka yi ta ɗura mana sakwara kamar za a yanka mu. Daga ƙarshe mazan garin suka tura ta a gangare, ta yi tari ta kama.

Da muka dawo na juye tankin tas, na sa sabuwar filta, na sake baƙin mai, kuma wannan karon na kawar da gemu. Na kwana biyu a layi na samo gas na gidan mai. Amma ba zan ɓoye miki ba, da safe tana yin farin hayaƙi da wata 'yar shaƙuwa da ba ta yi a da. Akwai kuma ƙarzuwa a ƙofar dama inda reshe ya kama ta.

Ki rubuta wa mai gidanki duk wannan, kada ki rage komai don ki kare ni. An ba ni ajiya, an ce kada ta fita, na fitar. An ce gas, na ba ta man ƙosai. Ba zan ce na yi nadama ba, domin ƙarya ce, kuma na tsufa da yin ƙarya a rubuce. In ya ce a kai ta gidan Babandi, makulli yana rataye a ƙusa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne ranar da zai dawo ya durƙusa ya gaishe ni. Da, kunya ce ke sa mu kallon ƙasa. Ba na so ya zama wani abu ne daban.

Mahaifinki,
Sha'aibu.

*

Sakkwato,
30 ga Oktoba, 1998.

Baba,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya kai da Inna. Na yi kukan Mama Mwuese har Salmanu ya tsorata. Ka yi wa Baba Iortyer gaisuwa, ka ce Doofan za ta zo ta ga kabarin.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Ban so in rubuto hannu wofi ba. Na kwafe wasiƙarka kalma da kalma na aika masa, har da maganar gemu. Ta Kawu ta riga tawa isa. Daga nan shiru. Wanda bai taɓa tsallake wata bai rubuto ba, sai ga shi Satumba ta wuce babu komai. Kullum ina leƙa akwatin wasiƙun makaranta har masinja ya fara jin tausayina. Na riga na fara shirya yadda zan gaya maka a kai motar gidan Kawu.

Jiya ta iso. A ciki akwai wata 'yar takarda daban, ya ce taka ce. Ga ta nan na haɗo.

Sakinatu.

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Ku gafarce ni da na rubuto muku kai tsaye, ban taɓa ba, kuma na yayyaga takardu da yawa kafin wannan.

Notinan nan masu kunne da zobban ƙarfen mahaifina ne ya sa aka yi su. A unguwarmu duk wanda ya rasu ko ciwo ya kayar, motar nan ce ke ɗaukarsa, ba ya tambayar ko wane ne. Ni nake cire masa kujerar. Wanda ta ɗauka na ƙarshe shi ne da kansa. Da muka dawo daga maƙabarta na mayar da kujerar na ɗaure, tun daga ranar ban iya sa komai a bayan nan ba.

Da na karanta ta Kawu raina ya ɓaci, ba zan musa ba. Da na karanta taku sai na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Don Allah kada ku mayar da kujerar. Makulli kuma ya zauna a aljihunku, ba a ƙusa ba. Farin hayaƙin a sa a duba nozul. Man gyaɗa kuwa a bar wa Inna kayanta, sai in irin wannan ta sake tasowa.

Ɗanku,
Zakiyyu.

*

Lafia,
15 ga Nuwamba, 1998.

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta janye yajin aiki, ta ce za ta duba yanayi. Innarku ta sayi kwaɗo ta sa wa jarkar mai, makullin yana ɗaure a bakin zaninta.

Takardar ta iso. Na karanta, na ba Innarku labari, na sake karantawa, sai wani abu ya faɗa mini a ido, ina jin hayaƙin murhu ne. Ba zan iya ba shi amsa da hannuna ba, ni ba ɗan boko ba ne da zan rubuta wa surukina wasiƙa. Ki ce masa na ji. Ki ce masa Allah ya ji ƙan mahaifinsa, na so a ce mun san juna, da mun ɓata gemu tare.

Nozul na kwance na kai an wanke, shaƙuwar ta tafi. Ina zagayawa da ita yanzu, kuma ina bi ta ƙofar gidan Babandi a hankali, in danna ham in ɗaga masa hannu, saboda zumunci.

Kujerar tana zaure, na sa mata bulo a ƙasa. Iortyer yana zuwa kullum da la'asar ya zauna a gefe ɗaya, ni a ɗaya gefen. Ba ya yawan magana yanzu. Ya dai ce ta fi bencin cocinsu laushi.

Abu ɗaya ne ban gyara ba. Duk da na wanke tankin, in na tayar da ita ranar Juma'a, kafin inji ya yi zafi, ƙamshin nan yana ɗan fitowa. Da Iortyer ya ji ƙarar sai ya fito daga gidansa ya zo ya tsaya a bayan motar, hannuwansa a baya, har ƙamshin ya wuce, sannan ya koma. Ƙamshin yana raguwa kowane mako. Saboda haka ranar Alhamis nakan karɓi cokali biyu a wurin Innarku in zuba a tanki. Ita da kanta take kwance makullin.

Wannan kada ki rubuta wa mai gidanki. Ko kuma ki rubuta.

Mahaifinki,
Sha'aibu.